Yini Ɗaya a Magazin ta Suame: Ɗigon Jan Mai da Ya Kusa Cinye Min Jari

Duk wanda ya zauna a Gana ya san abin da ake faɗa idan mota ta gagari kowa: "A kai ta Magazin." Na shekara da shekaru ina sayar da albasa a Akra, wadda tsofaffinmu ke kira Ankara, tun muna kasuwar Agbogbloshie har aka mayar da mu Adjen Kotoku a 2021. Na sha wucewa ta shataletalen Suame a Kumasi, amma ban taɓa sa ƙafa cikin Magazin ba sai da larura ta kai ni, ni da iyalina da kayan biki cike da but.

Ƙanwar uwargidana za a aurar a Tamale ranar Lahadi. Muka tashi daga Nima ranar Alhamis bayan asuba a motata, Toyota Camry ƙirar 2004 mai giya otomatik, irin waɗanda ake shigowa da su daga Amurka. Mu biyar ne: ni, Hajiya, yara biyu da wata gwaggonta. A but akwai buhun shinkafa biyu, jarkar man girki, tukwane da akwatuna uku, har bayan motar ya durƙusa. A aljihun cikina kuma akwai kuɗin da zan zuba na kasona a lodin albasar Galmi da ake haɗawa a wannan makon. Jarina ke nan, ba ni da wani a bayansa.

Daga Akra zuwa Kumasi kusan kilomita 250 ne. Muka wuce Nsawam da Suhum lafiya lau. Da muka doshi Nkawkaw, inda duwatsun Kwahu ke tsaye a hannun dama, sai na ji abin da ban saba ji ba. Na taka totur zan wuce wata tirela a kan hawa, inji ya yi kuka, allurar inji ta haura, amma motar ba ta ƙara gudu ba. Sai bayan ɗan jim ta kama da fizga. Na ce a raina nauyin kaya ne. A Konongo muka tsaya sayen ruwa, da na sa D sai da na jira kamar mai jiran canji kafin ta motsa. Kafin mu kai Ejisu fitilar inji ta kama a dashbod, motar kuma ta koma tafiyar hawainiya.

Nan bakin hanya wani saurayi mai gyara ya zo da 'yar na'urarsa, ya jona ta ƙarƙashin sitiyari, ya duba, ya girgiza kai.

"Alhaji, giyabos ta mutu. Sai dai a sauke a ɗora wata. Ina da wanda zai kawo yau ɗin nan."

Kuɗin da ya faɗa, da na aiki da na mai, sun kusa rabin abin da ke aljihuna. Ga biki jibi da gata, ga gwaggo tana ta salati a baya, ga yara sun fara ƙorafin yunwa. Wallahi saura kaɗan na ce a kawo. Hajiya ce ta ce, "Alhaji, kira Yaya tukuna." Wan nata yana zaune a Aboabo, ya yi shekaru yana tuƙin babbar mota tsakanin Tema da Wagadugu.

Da ya ji bayani, bai ja magana ba. "Kashe ta. Kada ka ƙara tafiya ko taku ɗaya, kada kuma ka bari a ja ta da igiya." Ya ce famfon da ke zagaya da mai cikin giyar otomatik inji ne ke juya shi. Idan inji a kashe yake, tayoyin gaba kuma suna birgima a ƙasa, kayan ciki za su yi ta juyawa babu mai. Shi ya sa ma ba a tayar da irin wannan mota da turi. Ya turo mana motar janwe, aka ɗaga gaban Camry, muka shiga Kumasi da la'asar. A Aboabo muka kwana, unguwar da in ka rufe ido ka saurari masu tallan koko da ƙosai sai ka rantse a gida kake.

Washegari da sassafe muka nufi Suame, a arewacin gari, kan hanyar da ke fita zuwa Offinso da Techiman. Ana cewa sunan Magazin ya samo asali ne daga rumbun makaman sojan mulkin mallaka, wanda a kusa da shi maƙera da masu gyara suka fara zama, sai sunan ya bi su. Yau gari ne guda, an raba shi shiyya-shiyya. Tun kafin ka gan shi za ka ji shi: guduma a kan ƙarfe, tartsatsin walda, injuna ana gwada su a ƙasa babu mota. Ƙasar wurin ta yi baƙi ƙirin da tsohon mai. Wani layi duk masu lagireto ne, wani masu safirin, wani masu ƙera bodin manyan motoci, wani kuma injuna da giyabos ne jibge kamar tulin doya a kasuwar Techiman. Kayan da aka yi amfani da su a ƙasashen waje aka kawo, a nan "hom-yus" ake ce musu. Yaren Tuwi ya fi yawa, amma Hausa ma tana kai ka ko'ina, don 'yan zango da 'yan arewa sun cika wurin. Ba abin mamaki ba ne, ai tun zamanin fataucin goro ƙafar Bahaushe ta san wannan ƙasa.

Surukina ya kai mu wata rumfar kwano a can ciki, wurin wani dattijo da kowa ke kira Masta. Ba ya taɓa komai a mota sai giyar otomatik. Yaransa shida ne, kowa hannu dumu-dumu da mai, shi kuwa yana zaune a benci yana shan koko. Na gaishe shi, na ce, "Baba, giyabos ce ta mutu, nawa zan samu mai kyau?"

Ya dube ni ya yi murmushi. "Wa ya yi mata wanka da ka san ta mutu? Zauna, Alhaji."

Ko bonet bai buɗe ba ya fara yi mini tambayoyi kamar likita. Yaushe abin ya fara? Da sanyin safiya take yi ko sai ta ɗauki zafi? A kowace giya ne ko a wajen canji kawai? Ribas fa, tana shiga nan take? Akwai ƙara, ko wari? Yaushe rabon da a canza man giya? Wannan ta ƙarshe ta ba ni kunya, don tun da na sayi motar man inji kawai na sani. Sannan ya ce, "Inda take kwana, kana ganin ɗigo a ƙasa?"

Na ce babu. Hajiya, da ke zaune a gefe tana fifita da gyale, ta ce, "Akwai, Baba. Ya fi sati biyu ina ganin wani jan abu a siminti ta wajen gaba, kamar zoɓo. Na gaya wa Alhaji, ya ce ruwan iyakwandishan ne."

Yaran shago suka sunkuyar da kai suna dariya ƙasa-ƙasa. Masta ya ce, "An ce mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. To yau mai shara ce ta sani. Ruwan iyakwandishan ba shi da kala, Alhaji. Man inji baƙi ne ko ruwan zuma. Ja kuwa a irin wannan mota, ka fara zargin man giya ko na sitiyari."

Sai a lokacin ya tashi ya zaro sandar awon man giya. Da ƙyar mai ya taɓa bakinta. Ya ɗiga abin da ya samu a kan farar takarda, ya ɗaga ta sama, ya kai hanci, ya miƙo mini. Ya ce man da ke da lafiya ja ne garau, kana hango takarda ta cikinsa. Idan ya tsufa sai ya koma ruwan ƙasa. Idan ya yi baƙi yana warin ƙauri kamar tuwon da ya kama tukunya, to kulocin ciki sun ƙone. Idan kuma ya koma kamar madarar da aka zuba wa jar kala, ruwan lagireto ne ya shiga, wannan kuwa babbar magana ce, don ruwa yana ɓantare fatar kuloci. Nawa ya yi duhu, amma ƙaurinsa kaɗan ne.

"Ka gane," in ji shi, "a giyar hannu ƙafarka ce ke taka kuloci, hannunka ke sa giya. A wannan kuwa mai ne ƙafar, mai ne hannun. Shi ke ɗauko ƙarfin inji ta cikin wani abu mai kama da ƙwarya biyu a kife, muna ce masa kwanbata. Shi ke matse kuloci, shi ke sanyaya su. In ya yi ƙasa, famfo sai ya riƙa zuƙar iska, matsi ya ragu, kuloci ya kama rabi da rabi. Shi ne ka ji inji na kuka mota ba ta tafiya."

Ya sa aka ƙara mai daidai yadda za a iya tayar da inji ba tare da ɓarna ba. Wani yaro ya kwanta a ƙasa da tocila. Ko minti biyu ba a yi ba ya yi kira. Daga giyabos akwai tiyo biyu da ke kai mai ƙasan lagireto ya huce ya dawo. Ɗaya ya tsage a daidai bakin kilif. A tsaye ɗigo yake yi, amma a kan hanya, da zafi da nauyin kaya, sai tsagar ta buɗe. Na tsuguna na ga abin da idona: tsagar ba ta kai tsawon farcena ba.

Na yi ajiyar zuciya na ce shi ke nan. Masta ya ce, "Da sauran magana. Mun ga ƙofar da ɓarawo ya shigo, ba mu ga abin da ya ɗauka ba." Aka tsiyaye man, aka kwance kaskon da ke ƙasan giyabos. A cikinsa akwai ƙananan mayen ƙarfe da masu ƙera motar suka sa don su riƙa kama ƙurar ƙarfe. Ya shafo da yatsa ya nuna mini wani toka-toka mai laushi kamar kwalli. Ya ce wannan cin yau da gobe ne, kowace mota tana yi. Abin da yake tsoron gani shi ne ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli da ake ji a yatsa, ko baƙin ɓawo kamar garin gawayi da yawa. Na biyun akwai ɗan kaɗan, na farkon babu. Ya sa aka wanke kaskon, aka canza matatar mai da gasket, aka sa sabon tiyo.

Wajen sayen mai ma sai da ya tsaya a kaina. Ya nuna mini rubutun da ke jikin sandar awo: T-IV. Ya ce kowace giya da irin man da aka ƙera ta da shi, ja ba ya nufin iri ɗaya ne. Ya ce motoci da yawa da ake kawo masa, ba tsufa ya kashe su ba, man da bai dace ba aka ɗura musu, musamman sababbin nan masu giyar CVT, waɗanda nasu man daban ne sam. Ya ƙara da cewa abin da ke fita in an kwance kasko bai fi lita uku zuwa huɗu ba, sauran yana maƙale a kwanbata da hanyoyin ciki, don haka in na dawo daga tafiya in sake tsiyayewa a zuba sabo.

Na tambaye shi batun na'urar saurayin Ejisu. Ya sa yaronsa ya jona tasu. Motocin Amurka daga ƙirar 1996 zuwa sama duk suna da wannan soket mai rami 16 a ƙarƙashin sitiyari. Lamba ta fito: P0751. Ya ce lambobin da suka fara da P07 na ɓangaren giya ne, wannan kuma tana nuni ga ɗaya daga cikin sulunoyid, wato 'yan ƙofofin lantarki da ke buɗe wa mai hanya lokacin canjin giya.

"Yaron bai yi ƙarya ba, lambar ya gani. Amma kwamfutar mota cewa ta yi: na ba da umarnin giya kaza, ban ga ta shiga ba. Ba ta san dalili ba. Ko sulunoyid ne, ko waya, ko datti, ko kuma babu man da zai bi ta ƙofar. Na'ura tana nuna maka unguwa ne, kai za ka nemi gidan."

Muna jiran a ɗaure kasko, na sayo mana wake da shinkafa, wanda a nan suke kira waakye, na zauna ina kallon sauran motocin rumfar. Akwai wata da ta maƙale a giya ta uku, ba ta hawa ba ta sauka. Mai ita ya zo da niyyar sayen giyabos kamar ni. Ashe ɓera ne ya ci wayar sansan gudu, kwamfuta ta daina jin labari, sai ta kulle motar a giya ɗaya don kare ta. Wata kuma tana buga "gau" duk sanda aka sa D ko R, aka duba robar da inji ke zaune a kai ce ta yage. Ta uku tana karkarwa a kan hawa, matsalar filogi ce, giya ba ruwanta. Amma na ga ta huɗu da aka kwance kaskonta, ƙarfe na ƙyalli a ciki kamar yashin rafi. Wannan Masta bai ɓoye wa mai ita ba, ya ce sai an sauke. Ya kuma gargaɗe shi: in zai sayi hom-yus, ya daidaita lambar da ke jikinta da ta tsohuwar, ya duba kalar man da ke ciki, ya yi sharaɗin mayarwa in ba ta yi ba, a gaban shaida.

Bayan an sauko daga Juma'a aka goge lambar, muka fita gwaji ta hanyar Offinso, shi a sitiyari. Ya kashe rediyo, ya ce kowa ya yi shiru. Kafin mu tashi, ƙafarsa a kan birki, ya sa D yana ƙirgawa, bai kai biyu ba ta kama. Ya sa R, haka. A kan hanya ya taka a hankali yana ƙirga canji da yatsa: ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ya sake takawa da ƙarfi, ta sauko giya ta ja. Ya nemi hawa ya gwada, allurar inji ba ta yi tsalle ba. Da muka dawo ya tsaya a wuri mai daidai, inji na aiki, ya bi da giya kowane gurbi ya mayar P, ya zaro sanda ya goge, ya mayar, ya sake zarowa. Man ya tsaya a tsakanin alamomin HOT. Ya ce haka ake auna ta Toyota irin wannan, amma tsofaffin Honda sai an kashe inji, don haka kowa ya san ƙa'idar motarsa. Wasu sababbi ma ba su da sandar, sai a wurin mai gyara. Ya kuma ce cika mai fiye da ƙima shi ma cuta ne, kumfa yake yi.

Da na zo biya, da mai da tiyo da matata da ladan aiki da kuɗin janwe, duka ba su kai kashi ɗaya cikin biyar na abin da aka nema a wurina jiya ba. Na fara zuba godiya, ya ɗaga hannu.

"Kada ka tafi da cewa na mayar maka da ita sabuwa. Tafiyar da ka yi daga Nkawkaw zuwa Ejisu ta ci wani abu a jikin kuloci, ba mai dawo da shi. Tana iya yi maka shekaru, tana iya gazawa kafin haka. Rage mata kaya. In kana hawa ka ji tana kai da komo tsakanin uku da huɗu, danna maɓallin O/D ka kashe. Duk inda ka tsaya, leƙa ƙasa. In ta sake zamewa, tsaya nan take ka kira ni." Sai ya juya wajen Hajiya: "Ke kuma 'yata, ki ci gaba da duba siminti."

A daren muka sauke shinkafa da tukwane, surukina ya sa su a motar haya mai zuwa Tamale. Asabar da asuba muka kama hanya, kusan kilomita 380. A Techiman na tsaya na leƙa ƙasa, a Kintampo ma haka. Daji ya fara buɗewa, itatuwan kaɗanya suka fara bayyana, zafi ya ƙaru. A gadar Buipe ɗana na fari ya riga ni sauka, ya durƙusa ya leƙa, ya ce, "Baba, babu zoɓo!" Muka haye gadar Yapei, muka shiga Tamale kafin la'asar. Aka ɗaura aure da mu, ranar Litinin kuma na tura kuɗin albasata cif-cif.

'Yan'uwana 'yan kasuwa, mu da ba ma sayen buhu sai mun kwance bakinsa mun zura hannu har ƙasa, ban san me ya sa in aka zo kan mota muke miƙa kuɗi da jin kalma ɗaya ba. Wanda ya ce maka giya ta mutu, tambaye shi: ka auna mai? Ka ga kalarsa, ka shinshina? Ka nemi yoyo? Ka tuƙa ta? Ka buɗe kasko? In ya yi duk wannan ya ce sai an sauke, to ka yarda, ka nemi kuɗi. In bai yi ba, ka ba shi na ruwa, ka nemi wani.

Camry tana nan har yanzu, da ita nake zuwa Adjen Kotoku kullum. Na sake canza mata mai kamar yadda aka ce. Duk ranar Juma'a da safe nakan zaro sandar nan in ɗiga a farar takarda, Hajiya kuma ta leƙo daga kicin ta ce, "Alhaji, ja ne ko ruwan iyakwandishan?" Allah ya kiyaye mana hanya, ya sa albarka a nema.